Makaɗi Ya Rasu, Makaɗa Na Jinya: Ina Za Mu Kai Kuɗin Tunawa?

 

Sharhinmu na yau a kan makaɗa da mawaƙa ne, kuma a kan kuɗi ne: kuɗin da muke kashewa bayan mawaƙi ya rasu, da kuɗin da aka nema aka rasa lokacin da yake kwance yana jinya.

Watan Yuni ya ɗauke wa ƙasar Hausa manyan muryoyi biyu. A Yunin 1999 Alhaji Mamman Shata Katsina ya rasu a Kano, aka kai shi Daura aka yi masa sutura. Bayan shekara 16, ranar 20 ga Yunin 2015, Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos ya bi shi. Mu a nan Kudancin Kaduna, Ɗanmaraya ɗan gida ne. Layin dogon da ya haɗa Kafanchan da Jos tun 1927 ta Bukuru ya ratsa, garin da aka haife shi a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, ya rasu ya bar shi yana jariri, mahaifiyarsa ma ba ta daɗe ba ta bi mijinta, sarkin ya ɗauki yaron ya riƙe. Da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya, ya karɓi lambobin girmamawa na ƙasa, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa. Amma abin da ya sa talaka ya riƙe shi a zuciya shi ne mutanen da ya zaɓa ya yi wa waƙa. Waƙar da ta fara fito da shi ta karen mota ce, yaron da ke lodi da sauke kaya yana kwana a ƙarƙashin babbar mota. Mutumin da ya ga darajar ƙaramin ma'aikaci haka, ina ganin hanyar tunawa da shi da ta fi dacewa ita ce a dubi ƙananan ma'aikatan sana'arsa, waɗanda suke raye yau, da yawansu kuma ba su da lafiya.

Ku dubi yadda muke yi idan wani sananne ya rasu a cikinmu. A gidajen Kirista gawa kan yi mako biyu, mako uku, wani lokaci fiye da wata a ɗakin ajiye gawa, ana biyan kuɗin kowace rana, ana jiran dangi su iso daga Abuja da Legas da Fatakwal. A kafa kwamiti, a fitar da anko, a buga riguna da hoton mamaci, a buga kalanda da ɗan littafin tarihinsa. A ɗauko rumfuna da kujeru da janareta, a yanka saniya, a yi kwanan zaune ana waƙa har gari ya waye. Shekara ta zagayo a yi sujadar godiya, a gyara kabari da siminti da tayil. A gidajen Musulmi ba a jinkirta jana'iza, amma akwai zaman makoki, kuma a gidajen da suke yi akwai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a dafa abinci, a raba goro. Ba na ganin laifin kowa a kan wannan. Mutuwa nauyi gare ta, kuma mutanenmu sun iya ɗauke wa juna nauyi a wannan rana. Abin alfahari ne, kada mu yar da shi.

Sai dai akwai wata rana da take zuwa kafin ranar jana'iza, ita ce ba mu iya ba. Kowa a cikinmu ya taɓa ganin irin saƙon nan a WhatsApp ko Facebook: hoton mutum a gadon asibiti, ya rame, an jona masa robar ƙarin ruwa, a ƙasan hoton an rubuta lambar asusun banki. Ka duba da kyau ka ga ai wane ne, wanda ya yi kiɗa a bikin aurenka, ko wadda take ba da waƙa a majami'arku tun kana yaro. Kafin a kai ga sa hoton nan, an riga an sayar da akuya, an jinginar da gona, an sayar da jita ko gangar da ake neman abinci da ita. Kafin kuɗin jama'a su taru, ciwo ya yi nisa.

Wannan bai tsaya a kan ƙananan mawaƙa ba. A 2013 sai da aka yi shela a faɗin ƙasar nan kafin a tara wa OJB Jezreel, mawaƙi kuma mai haɗa kiɗa a Legas, kuɗin dashen ƙoda. Gwamnan Ribas na lokacin, Rotimi Amaechi, ya sa hannu, aka kai shi Indiya aka yi aikin, ya ƙara shekara uku a duniya, ya rasu a 2016. Majek Fashek, wanda waƙarsa ta kai Amurka tun shekarun 1990, da ciwo ya kwantar da shi a Landan a 2019, attajirin nan Femi Otedola ne ya ɗauki nauyin asibiti. Ya rasu a shekarar da ta biyo. A nan Arewa ba mu manta da Rabilu Musa Ibro ba, ɗan wasa kuma mawaƙi, wanda ciwon ƙoda ya ɗauke a Disambar 2014 yana tsakiyar ƙarfinsa.

Waɗannan su ne waɗanda sunansu ya isa kunnen gwamna da attajiri. To, mai busa ƙaho a bikin Afan da ake yi a Kagoro kowace ranar ɗaya ga Janairu fa? Mai ganga a bikin Tuk Ham na Kwoi fa? Uwar da ta shekara talatin tana buga tulu a Zumuntar Mata, da saurayin da ke kaɗa jita a ƙungiyar Sabon Rai, da mai kalangun da ke bin bukukuwan aure da suna a cikin garin Kafanchan, da mai algaita da mai kakaki a ƙofar fadar Sarkin Jama'a, da mai mandirin da ke raya daren Maulidi, wa zai ji labarin ciwonsu? Babu gwamnan da ya san sunansu. Amma idan suka ajiye kayan kiɗansu, babu bikin da zai yi armashi daga Saminaka har Gwantu.

A da makaɗi yana da inda ya jingina. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Ubangida shi ke ba makaɗi gida da gona da doki da riga, shi ke yi masa aure, idan ya kwanta ciwo shi ke aika mai magani, idan ya rasu shi ke riƙe 'ya'yansa, kamar yadda aka riƙe Ɗanmaraya. A ƙauyukanmu na nan kuwa, makaɗi manomi ne cikin manoma. Ya yi wa 'yan gayya kiɗa suna huɗa, su ma su zo su huɗe masa tasa gonar. Yau sarakuna da kansu albashi suke jira, gayya ta ja baya, ɗan siyasa kuma yana neman mawaƙi ne daga fara kamfe zuwa ranar zaɓe. Tsohon ginshiƙi ya raunana, ba a kafa sabo ba.

Samun mawaƙi na lokaci ne. Watan Disamba da Kirsimeti, da bayan Sallah, da lokacin da manoma suka sayar da citta, bukukuwa sun yi yawa, aljihu ya yi nauyi. Damina ta faɗi, sai shiru. Babu albashi, babu fansho. Waƙar da ya kashe kuɗi ya ɗauka a situdiyo, ranar da ta fito ta shiga wayar kowa ta hannun masu tura waƙa a bakin kasuwa, sisi bai dawo masa ba. Dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta tabbatar wa mai waƙa haƙƙinsa tsawon rayuwarsa, da shekara 70 bayan rasuwarsa ga magadansa. Dokar tana da kyau, amma har yau ba ta sayi ƙwayar maganin hawan jini ɗaya ga mai gangar ƙauye ba.

Kuma sana'ar tana cin jiki fiye da yadda masu rawa suke zato. Mu fara da kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarar da ta kai desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, kunne zai iya jure ta awa 40 a mako ba tare da lahani ba. Idan ta kai desibel 100, minti 20 kacal ne a mako. Ku tuna inda yaron da ke kaɗa piyano yake zama a wurin kwanan zaune: gefen lasifika, daga magariba har asuba, ga janareta tana ruri a bayansa. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Sai murya, wadda ake tilasta wa cikin ƙurar hunturu har ta dushe, a sha citta da zuma a ci gaba, ba a taɓa nuna wa likita maƙogwaro ba. Sai kafaɗa da baya da yatsun mai ganga. Sai hanya, domin makaɗi ba ya tashi daga wurin biki sai dare ya raba, ya hau babur ko tsohuwar bas da kaya jibge, ya bi hanyar Kwoi ko ta Kachia ko ya hau tudun Jos direba yana gyangyaɗi. Akwai kuma abin da ba ma son faɗa a fili: wasu samarinmu suna shan ƙwaya ko giya don su iya kai wa asuba a tsaye, wasu kuma suna haɗiyar maganin ciwon jiki kullum ba da umarnin likita ba, shi kuwa yana cin ƙoda a hankali.

Babban maƙiyi shi ne wanda ba ya sallama. Hawan jini da ciwon suga kan yi shekaru a jiki mutum yana kiɗansa bai sani ba, sai ranar da ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta tsaya. Awon jini minti biyu ne, maganin wata guda kuma bai fi ƙarfin mai ƙaramin samu ba idan an kama ciwon da wuri. Idan aka makara, lissafi ya sauya. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta. Ko da wannan rangwamen, mai wanki sau biyu a mako zai kashe naira 96,000 a wata, ban da kuɗin mota da gwaji da ƙarin jini, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci da danginsa suke fita kai tsaye. Ma'aikacin gwamnati ma yana jin jiki, balle wanda samunsa ya dogara da liƙi.

Wasu ƙasashen sun sha irin wannan baƙin ciki, kuma daga makokin mawaƙi guda suka fito da magani. A watan Janairun 1921 wani mawaƙin Ingila mai suna Gervase Elwes ya rasu a haɗarin jirgin ƙasa a wata tasha a birnin Boston na Amurka. Abokansa suka tara kuɗi da sunansa don taimakon mawaƙan da ciwo ko tsufa ya kayar. Asusun nan yana nan har yau, ya haura shekara 100, ana kiransa Help Musicians. Mutane ƙalilan ne suka taɓa jin muryar Elwes a zamaninmu, amma dubban mawaƙa sun ci albarkacin sunansa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Dizzy Gillespie, baƙar fatar Amurka mai busa ƙahon Turawa, wanda kumatunsa ke kumbura idan yana busa irin na masu algaitarmu. Ya zo Najeriya a 1989, aka naɗa shi sarautar gargajiya a Iperu ta Jihar Ogun. Ciwon daji ya kwantar da shi a asibitin Englewood da ke Jihar New Jersey, inda ya rasu ranar 6 ga Janairun 1993. Shi yana da halin biyan kuɗin asibiti. Abin da ya roƙi likitansa, Dakta Frank Forte, shi ne asibitin ya riƙa duba 'yan'uwansa makaɗan jaz da ba su da hali. Asibitin ya cika alkawari, ya haɗa kai da gidauniyar Jazz Foundation of America aka kafa asusu da sunan Gillespie, likitoci suka riƙa duba makaɗa suna yi musu aiki kyauta. Mutum yana kan gadon mutuwa, tunaninsa yana kan abokan sana'arsa. A birnin Austin na Jihar Texas ma, bayan wani matashin makaɗi mai suna Sims Ellison ya kashe kansa a 1995, danginsa da abokansa suka kafa gidauniyar SIMS don kula da lafiyar ƙwaƙwalwar mawaƙa da masu fama da shaye-shaye.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce. Mu a Kafanchan mun riga mun san haɗa sunan mamaci da jinyar mai rai. Da Gwamna Patrick Ibrahim Yakowa, ɗan Fadan Kagoma, ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa ranar 15 ga Disambar 2012, babban asibitin garin nan aka sa wa sunansa, asibitin da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2025 a ɗaga shi zuwa cibiyar lafiya ta tarayya. Duk matar da ta haihu lafiya a can, duk wanda aka ɗinke wa rauni, sai ya ambaci sunan Yakowa ko bai yi niyya ba.

Mu ba mu da kuɗin gina asibiti da sunan mai kalangu, kuma ba ma bukatar haka, domin hanyar tana nan a shimfiɗe. Tun 2018 Jihar Kaduna take da dokar da ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya, KADCHMA, kuma tana da tsari na masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa da manoma, waɗanda ba sa karɓar albashi. Mutum ya biya kuɗin shekara sau ɗaya, a ba shi kati, ya zaɓi asibitin da zai riƙa zuwa, a duba shi a ba shi magani a kan cututtukan yau da kullum. Kuɗin mutum ɗaya na shekara bai kai na buhun shinkafa ɗaya daga cikin waɗanda ake dafawa a ranar jana'iza ba. A 2022 kuma aka sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Najeriya, ta kuma tanadi asusu na marasa galihu. Akwai kuma asusun kiwon lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ta cikinsa ake yi wa tsofaffi da matalauta rajista ba tare da sun biya ba. Tsohon makaɗin da idonsa ya yi rauni a ƙauye ba zai ji labarin wannan ba sai wani ya je ya ɗauko shi ya kai shi.

Ga abin da nake roƙo. Idan makaɗi ko mawaƙi ya rasu a cikinmu, kwamitin jana'iza ya ware kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tara, a biya wa makaɗa masu rai kuɗin inshorar shekara da sunan marigayin. A fara da mutanensa: 'yan amshinsa, masu gangarsa, sanƙiransa, yaron da ke ɗaukar masa kaya, matar da ya bari da 'ya'yansa. Su ne ranar da ya rasu abincinsu ya yanke. Idan shekara ta zagayo, maimakon sabon anko, a sabunta musu kati. Wanda yake son ya tuna da Ɗanmaraya ko Shata ko Barmani Choge, ko wata uwar Zumunta da ta koya masa waƙa, ko wani sha'iri da begensa ya sa shi hawaye, ba sai ya jira kwamiti ba. Ya nemi makaɗi ɗaya a unguwarsu ya biya masa, ya ce wannan don wane ne.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: inshora ba ta ɗauke komai. Wankin ƙoda na dogon lokaci, da ciwon daji, da babban aiki bayan haɗarin mota sukan wuce abin da kati ya ƙunsa. Saboda haka ana bukatar aljihu na biyu, asusun gaggawa na makaɗan yankin nan gaba ɗaya. Shekara-shekara a yi babban wasa guda a filin wasa na Kafanchan don tunawa da duk mawaƙan da muka rasa, kuɗin ƙofa da na liƙi su shiga asusun. A ranar a kafa rumfa a bakin fili, a gayyato malaman jinya da ɗaliban kwalejin koyon jinya da ungozoma ta Kafanchan, kowane makaɗi a auna masa jini da suga, a duba masa kunne kafin ya hau dandali. A raba musu abin toshe kunne, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ina da yaƙinin cewa rumfar nan kaɗai za ta gano mutanen da suke yawo da hawan jini ba su sani ba.

Na san abin da wasu suke faɗa yanzu a gaban rediyo. Wani yana cewa, ai mawaƙa sun samu kuɗi sun ci, mun ga ana yi musu ruwan naira. Gaskiya ne akwai waɗanda suka samu suka watsar. Amma wanda ake liƙa wa mutum ɗaya ne, mai riƙe da makirufo. Bayansa akwai mutum takwas ko goma da za a sallama da kuɗin mota. A majami'u kuwa, mafi yawan masu waƙa da masu kiɗa ba a ba su ko sisi, ana ce musu aikin Ubangiji ne, su ma da zuciya ɗaya suke yi. Iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya sun fi ni sanin labarin da ke cikin littafin Nehemiya, lokacin da aka daina ba mawaƙan Haikali rabonsu har suka watse suka koma gonakinsu, Nehemiya ya tsawata wa shugabanni ya dawo da su. Ikilisiyar da ta iya sayen sabbin lasifikoki za ta iya biya wa waɗanda suke zama a gabansu kuɗin asibiti. A ware baikon Lahadi ɗaya a shekara don wannan.

Wani kuma yana cewa, ni ina da shakka a kan kiɗa, yaya zan sa dukiyata a ciki? Malam, ba ganga aka ce ka saya ba. Majiyyaci aka ce ka taimaka, kuma haƙƙin mara lafiya a kan maƙwabcinsa bai dogara da sana'arsa ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa sadaka mai gudana tana isa ga mamaci, shi ya sa ake haƙa rijiya ana dasa itace da sunan iyaye. Maganin da ya tsayar da magidanci a kan ƙafafunsa ya ci gaba da ciyar da 'ya'yansa, ina fata malamai za su duba su gaya mana matsayinsa a wannan babi. Kuma mun san irin girman da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba sha'irinsa Hassanu bin Sabit.

Shakkar da ta fi ƙarfi ita ce ta amana, kuma ita ce na fi girmamawa. An sha kafa gidauniya a ƙasar nan, a yi taron ƙaddamarwa, manya su yi alkawari, shekara biyu a nemi kuɗi a rasa. Maganin wannan shi ne kuɗi kada su kwana a hannun mutum. A yi wa asusun rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da amintattu sanannu. Kada a fitar da ko naira sai da sa hannun mutum uku. Kuɗin inshora su tafi kai tsaye ga hukuma, na gaggawa su tafi kai tsaye ga asibiti a karɓo rasit. A ranar wasan shekara a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa, a kuma kawo shi gidan rediyo a karanta. Abu ɗaya ne ba za a bayyana ba: ciwon mutum. Ba za a ɗauki hoton kowa a gado ba, ba za a sa mutum ya yi godiya a gaban kyamara ba. Dattijon da ya shekara arba'in yana faranta wa mutane rai ya cancanci a yi masa magani mutuncinsa yana tare da shi.

Kuma asusun ya zama guda ɗaya, na Musulmi da Kirista. Garin Kafanchan ya ga rikici a 1987, ya sake gani a 2011 lokacin da kasuwa ta ƙone, kuma a nan ne a watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan. Yarjejeniya tana bukatar aikin da za a riƙa yi tare kowace shekara, wanda kowa zai ga amfaninsa a jikinsa. Makaɗa sun riga mu a wannan hanya. Sau da yawa lasifikar da aka yi haya don Maulidi ita ce za a ɗauka gobe zuwa taron Zumuntar Mata, kuma mai kalangu ba ya tambayar addinin ango kafin ya saɓa kalangunsa. A sa limami da fasto cikin amintattu, da wakilin fadar Sarkin Jama'a da na sarakunan Fantswam da Kagoro da Bajju da Atyap da Ham, da likita, da mace aƙalla ɗaya daga cikin masu waƙa, domin mata suna da yawa a sana'ar nan kuma su aka fi mantawa.

Ku kuma 'yan'uwana makaɗa da mawaƙa, kada ku zauna jiran a yi muku. Inshora adashi ce, sai dai ba a kwasa bi da bi, wanda ciwo ya kama shi ke ɗauka. Duk wasan da kuka yi, kafin a raba kuɗi a cire wani abu a ajiye na lafiya, ko da ɗari biyar ce. Shugaban kowace ƙungiya, da sarkin makaɗa na kowace fada, da mai koyar da waƙa na kowace majami'a, ya rubuta sunayen mutanensa da shekarunsu da ƙauyensu. Ba za a iya biya wa wanda ba a san da shi ba. Manyanku da suka yi suna a Kaduna da Abuja da Legas, 'ya'yan yankin nan, ku kira su. Wasa ɗaya da za su yi kyauta a gida zai biya wa ƙauye guda na makaɗa.

Idan akwai kwamitin da yake zaune a wannan makon yana lissafin jana'izar wani mawaƙi, ko na cikar shekara, ina roƙonku ku ƙara layi ɗaya a takardarku, ƙarƙashin kuɗin rumfa da na abinci. Ku rubuta mutum nawa za a biya wa. Ku tura mutum biyu ofishin hukumar taimakekeniyar lafiya su tambayo kuɗin bana da takardun da ake bukata, a yi rajistar kafin ranar taro. A ranar kuma, bayan an karanta tarihin marigayi, a karanta sunayen waɗanda aka biya wa da ranar da katinsu zai ƙare, domin jama'a su san ranar da za a sake tarawa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.